Koyon Zane: A Horar da Ido, a Sakar wa Hannu Mara

Ajiye kofin shayi a kan tebur, ka miƙa wa mutum goma fensir da takarda, ka ce su zana maka shi. Yawancinsu abu ɗaya za su yi. Bakin kofin za su zagaye shi kamar faifai, gindin kuma su ja masa layi miƙaƙƙe kamar an datse shi da wuƙa. Alhali daga inda suke zaune bakin nan a matse yake, ya yi kamar ƙwai a kwance. Gindin ma a lanƙwashe yake, lanƙwasarsa har ta fi ta bakin, tunda shi ya fi yin ƙasa da idon mai kallo. Mutanen nan kuwa ba makafi ba ne. Sun san bakin kofi zagayayye ne, sun san gindinsa a shimfiɗe yake tunda ga shi zaune bai faɗi ba, sai suka zana abin da suka sani, suka bar abin da ke gabansu.

Wannan shi ne cikas na farko da duk mai koyon zane yake karo da shi, kuma a nan ne mutane da yawa suke ajiye fensir su ce su ba su da baiwa. Ni kam ban cika yarda da wannan magana ba. Akwai baiwa, ba a musu, wani yaro tun yana firamare hannunsa ya fi na tsaransa faɗawa. Amma wanda ya iya rubuta sunansa, ya iya zura zare a allura, hannunsa ya isa ya yi zane. Abin da ya rage masa shi ne kallo. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A ajin zane ana so gani ya kori sani, ko da na awa ɗaya ne.

Ko manyan gwanaye ba su tsira daga wannan ba. Albrecht Dürer, Bajamushen nan da ake ji da shi, ya zana zomo a 1502, zanen da har yau in ka kalle shi sai ka ji kamar ka shafa gashinsa. A 1515 kuma aka kai karkanda birnin Lisbon daga Indiya, labarinta ya game Turai. Dürer bai je ya gan ta ba, bayani da wani ɗan zane kawai suka iso masa, sai ya zana ta da sulke kamar barden yaƙi, har ya dasa mata wani ƙaramin ƙaho a doro wanda Allah bai halitta mata ba. Hannu ɗaya ne ya yi zomon ya yi karkandar. Bambancin shi ne ya san zomo da idonsa, karkanda kuwa da kunne ya san ta. Abin dariyar, Turawa sun shafe fiye da shekara ɗari biyu suna kwafar wannan karkanda mai sulke a littattafansu a matsayin ta gaske.

Abin da ake fara koya wa ido

Duk atisayen da malamin zane zai ba ɗalibi a watannin farko, manufarsa guda ce: a yi wa ƙwaƙwalwa wayo ta daina tsoma baki. Ƙwaƙwalwa ma'abociyar gaggawa ce. Da ta ga ido sai ta ce "na san wannan," ta miƙo maka wata alama mai kamar ganyen darbejiya da ɗigo a tsakiya, wadda ka saba yi tun kana ɗan shekara bakwai. Da ta ga bishiya sai ta miƙo sanda da curin auduga a kai.

Atisaye mafi shahara, kuma wanda ɗalibai suka fi tsana da farko, shi ne zanen da ba a kallon takarda. Wani malami a birnin New York, Kimon Nicolaïdes, shi ya yaɗa shi ta littafinsa da aka buga a 1941, bayan rasuwarsa. Ka ɗaga hannunka na hagu ka ɗan dunƙule shi, ka juya kanka yadda ba za ka ga takardar ba, ka ɗora bakin fensir a kanta. Sai idonka ya kama gefen babban yatsa ya riƙa binsa a hankali, kamar tururuwa ce ke tafiya a kai, fensir kuma yana bin tafiyar ido taku da taku. In ido ya shiga wata tsaga ta fata, fensir ya shiga. In ya hau farce, ya hau. Ba ɗagawa, ba leƙe, minti goma ko ashirin. Abin da za ka tarar a takardar zai yi kama da tarin zaren da kaji suka tona. Amma duba shi da kyau. A cikin hargitsin za ka ga wani yanki, wataƙila gaɓar yatsa ɗaya, da ya fito da rai irin wanda ba ka taɓa samu ba lokacin da kake "ƙoƙarin yin kyau". Wannan yankin shi ne wurin da idonka ya yi kallo na gaskiya.

Na biyu, zana sararin da ke kewaye da abu maimakon abin kansa. Ɗauki kujerar katako. Kada ka zana ƙafa ko majingina, zana ramukan da ke tsakanin ƙafafun, da wanda ke tsakanin sandunan baya. Ƙwaƙwalwa ba ta da suna ga waɗannan siffofi, ba ta da wata tsohuwar alama da za ta miƙo, dole ta yi shiru ta bar ido ya auna. Kana gama ramukan sai ga kujera ta bayyana da kanta. Masu ɗinkin hula sun san wannan sirri ko ba su faɗa ba, don gurbin da aka bari ba zare shi ke fito da wanda aka cike.

Akwai kuma juya hoto a kife a kwafe shi haka nan, kai a ƙasa ƙafa a sama, dabarar da Betty Edwards ta shahara da ita tun littafinta na 1979. Bayanin da ta gina a kai, na cewa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ke zane na hagu ke magana, masana sun ce ya sauƙaƙa lamarin fiye da kima. Atisayen dai yana aiki, kuma wannan ne ya dami ɗalibi.

Daga nan sai awo. Wanda ya taɓa wucewa ta wurin masu koyon zane zai ga suna miƙe hannu da fensir a tsaye, ido ɗaya a rufe, kamar masu duban wata. Awo suke yi. Ana daidaita kan fensir da saman abu, a sa babban yatsa a inda ƙasansa ya tsaya, sai a ɗauki wannan tsawo a gwada shi da sauran sassa: faɗin tulun nan sau nawa zai shiga tsayinsa? Wuyan butar nan ya kai rabin cikinta? Sharaɗin shi ne gwiwar hannu ta miƙe sarai kowane lokaci, don in ka lanƙwasa ta ko kaɗan ma'aunin ya canja. Haka ake kwantar da fensir a kama karkatar rufi ko ta kafaɗa, a sauke ta a takarda yadda take. Awo ne ke tona asirin abubuwan da muka daɗe muna zato. Misali, idanun baligi kusan a tsakiyar kansa suke, in ka auna daga ƙoƙon kai zuwa haɓa. Kusan kowane sabon ɗalibi can sama yake kai su, kusa da gashi, saboda hankalinmu yana kan fuska, goshi da ƙeya ba mu ba su muhimmanci ba. Tsayin mutum kuma yakan kai kansa bakwai da rabi ko kusa da haka, na ƙaramin yaro bai kai ba. Wannan ƙiyasi ne na gwaji kawai. Mutumin da ke gabanka shi ne hujja, ba lissafin littafi ba.

Wata dabara mai arha ita ce ka yanke taga ƙarama a jikin kwali, ka riƙa leƙen abin da za ka zana ta cikinta. Tsohuwar dabara ce. Leon Battista Alberti ya kwatanta zane da taga tun 1435, Dürer kuma ya zana hoton wani katako mai zaren da aka gicciya kamar raga, mai zane yana kallo ta ciki. Tagar tana nuna maka inda abu ya taɓa gefe da inda ya bar fili, ta kuma hana ka cusa ɗan ƙaramin zane a tsakiyar makekiyar takarda kamar ƙuda a faranti.

Batun nisa da kusa ba zan daɗe a kansa ba, don darasi ne mai zaman kansa. Abin da ya kamata ka riƙe: nemi layin da ya yi daidai da tsayin idonka. Duk layin da ke tafiya nesa, in yana sama da idonka zai gangaro, in yana ƙasa zai haura, kamar yadda layin dogo yake haɗewa can gaba. Lokacin hunturu ma yana koyar da rabin darasin kyauta. Dubi yadda hazo yake dusashe bishiyar da ke nesa ya bar ta kusa da duhunta. Haka ake yi a takarda, abin da ya yi nisa a sassauta masa hannu.

Inuwa kuwa ita ke ba abu jiki. Layin da muke zagaye abu da shi babu shi a duniya, mu muka ƙirƙiro shi. Abin da ido ke gani shi ne wuri mai haske ya haɗu da wuri mai duhu. Don ka ga wannan, runtse ido kaɗan har ƙananan abubuwa su ɓace, sai manyan fale-falen haske da duhu su rage. Ajiye ƙwai ko farar ƙwarya kusa da taga, a ɗakin da haske ke shigowa ta gefe ɗaya. Za ka ga inda haske ya bugi abin, da inda ya fara juyawa zuwa duhu, da inuwar da ya jefa a ƙasa. Sai wani abu da ba a lura da shi sai an nuna wa mutum: can ƙarshen ɓangaren duhun akwai ɗan haske mai rauni, wanda ya dawo daga tebur. Ɗalibi da zarar ya gano wannan sai ya yi ta zuzuta shi har ya fi ƙarfinsa. Ka sani duk haskensa bai kai ɓangaren da rana ta buga ba. Kuma a ƙasarmu kada ka fita zane da tsakar rana in inuwa kake son koyo. Rana tana tsaye a ka, inuwa ta maƙale a gindin abu, farar takarda kuma tana kashe ido. Hantsi da bayan la'asar sun fi.

Duk abin da na lissafa aikin natsuwa ne. Akwai kishiyarsa, zanen gaggawa, wanda ake yi cikin daƙiƙa talatin ko minti ɗaya. A nan ba siffa ake bi ba, motsi ake kamawa: ina nauyin jiki ya sauka, ina baya ya karkata. Akuya ba za ta tsaya maka ba, haka mai tura baro, haka mai daka. Sai ka koyi zana daga kafaɗa, fensir a riƙe kamar ana riƙe sandar kiɗa, ba kamar mai rubuta wasiƙa ba. Bakin kasuwar dabbobi ko tashar mota makaranta ce babba, illa dai a nemi izinin mutum kafin a zura masa ido, don ba kowa ke so ba.

Na san mai karatu zai ce, to ina batun zana mai rai? Tambaya ce da ɗalibai da iyayensu suke yi da gaske, malaman addini sun yi bayani a kai, kuma kowa ya san wanda yake bi. Abin da zan iya faɗa ta fuskar sana'a shi ne, babu ɗaya daga cikin darussan nan da ba za a koya da tulu, da buta, da ganyen gwanda, da soron gida, da tsohuwar amalanke ba. Kuka guda ɗaya da ta zubar da ganye ta ishi ɗalibi aikin wata guda. Reshen da iska ke kaɗawa ma motsi ne.

Wata tambayar ita ce ta waya: me zai hana in ɗauki hoton abin in kwafa a ɗaki? Kyamara ta riga ta yi maka aikin da ake so ka koya, wato mayar da abu mai jiki ya zama shimfiɗaɗɗe. Ga shi kuma tana da nata son zuciya, takan kumbura abin da ke kusa, ta cushe inuwa ta zama baƙi ƙirin. Mai kwafar hoto zai iya burge mutane a Facebook da zanen da ba a bambanta shi da hoto, amma a ajiye masa buta a gabansa sai gumi ya karyo.

Hannu ma yana da harshe

Yanzu a ce ido ya fara gani. Da me hannu zai faɗi abin da aka gani? Yawancinmu da kalma ɗaya muka taso: siririn layin fensirin HB, wanda aka saya don jarrabawa. Da shi za a yi gashi, da shi za a yi dutse, da shi za a yi ruwa. Kamar mawaƙi ne da bai san kiɗa ba sai ɗaya.

Shi ya sa makarantun zane suke ware lokaci don abin da za mu kira wasa da tabo, wato gwada kowane irin sawu da wani abu zai iya bari a kan wani abu. Ɗigo, karce, shafa, fantsama, dangwale, goge, kankara, duk tabo ne, kuma kowanne da abin da yake faɗa. Mai leƙowa daga waje zai ga kamar manya sun koma wasan yara, ana ɓarnar takarda. Ni ma haka na ɗauka da farko.

Fara da fensirin kansa. Abin da ke cikinsa ba darma ba ce, wani baƙin ma'adini ne mai santsi da aka cakuɗa da yumɓu. Wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya fito da wannan haɗi a 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun tsantsar ma'adinin daga Ingila. In yumɓu ya yi yawa fensir ya yi tauri, layinsa ya yi fari-fari, shi ne mai harafin H. In ya yi kaɗan fensir ya yi laushi da baƙi, shi ne mai B. Ɗalibi ya samu 2B da 4B da 6B sun ishe shi. A feƙe da reza, a bar bakin da ɗan tsawo, yadda za a iya kwantar da shi a yi shafa mai faɗi da gefensa, a kuma tayar da shi a yi layi kamar gashi.

Sai gawayi, wanda ya girmi kowane kayan zane. Zanen dawaki da zakuna na kogon Chauvet a Faransa, da ya haura shekara dubu talatin, da gawayi aka yi da yawansa. Na murhu ma yana yi, sai dai wani yana da tauri yana yaga takarda. In kana son mai laushi, yanki siraran rassa ka ɓare su, ka cusa a gwangwani mai murfi, ka huda ƙaramin rami a murfin, ka jefa cikin wuta har hayaƙi ya daina fita, ka bari ya huce kafin ka buɗe. Daɗin gawayi shi ne ba ya riƙe gaba. Ka yi kuskure, ka share da tsumma, ka sake. Akwai ma atisayen da ake fara shafe takarda duka da gawayi ta yi toka-toka, sannan a ɗauki kilina a riƙa ciro haske daga cikin duhun. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ba zai ƙara ɗaukar kilina a matsayin abin gyaran kuskure kawai ba.

A nan ne nake ganin ɗalibin da ya taso a ƙasar Hausa yana zaune a kan dukiya bai sani ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya riƙe alƙalamin gamba, ya san yadda ake feƙe shi a tsaga bakinsa, ya san tawadar gawayi da ƙaro, ya san yadda layi yake kauri ya sirance gwargwadon juyin hannu. Ya ga allon zayyana na sauka. To Vincent van Gogh, da ya sauka garin Arles a kudancin Faransa a 1888, kara ya riƙa yankowa yana feƙewa ya yi alƙalami, kuma da shi ya yi zanukan da ake koyar da ɗalibai da su a duniya. Nemi ɗaya ka duba. Gonar alkama gajerun karce ne a jere, ƙasa ɗige-ɗige ce, bishiya murɗaɗɗun layuka ne kamar harshen wuta, sama kuwa wani lokaci ɗigo ne ƙanana, wani lokaci ya bar ta fara. Launi ɗaya ne a takardar, amma kowane abu da irin tabonsa. Alƙalamin da ya yi wannan ɗan'uwan wanda ke cikin jakar almajiri ne.

Tawadar allo tana da wani hali da mai zane zai so: ruwa yana narkar da ita, shi ya sa ake wanke allo. Ka ja layi, ka bi gefensa da jiƙaƙƙen burushi, sai layin ya saki ya zama inuwa. Ka jiƙa takarda tukuna ka ɗiga tawada, sai ta yi rassa da kanta kamar saiwa. Ka barbaɗa gishiri kafin ta bushe, ya bar tabo kamar taurari. Ka goga kyandir a takarda kafin ka shafa tawada, inda kitsen ya taɓa ya ƙi karɓa, dabarar da masu rinin kakin zuma suke amfani da ita a yadi.

Kayan shafawa kuwa ba su ƙirguwa. Tsinken tsintsiya, tsintsiyar ɗungurungum, asuwakin da aka tauna bakinsa ya yi gashi, gashin kaza, soso, tsumma, totuwar masara, tsohon burushin haƙori da za a karta da yatsa ya yi feshi. Launi ma akwai a gida: jar ƙasa, farar ƙasa, shuni, ruwan goro, lalle, ruwan shayi mai kauri, zoɓo. Takarda ba sai ta kanti ba, bayan kwali da takardar buhun siminti suna karɓar gawayi da farin alli fiye da farar takarda mai santsi. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo da aka haifa a Omdurman a 1930, wanda ya yi karatun zane a Landan, da aka tsare shi a kurkukun Kober a 1975 a kan guntayen takardar buhun siminti ya riƙa zane, yana binne su a yashi kada masu gadi su gani. Shi ne kuma, bayan ya dawo daga Turai ya ga mutanen garinsu ba su kula da irin zanen da ya koyo ba, ya koma ga haruffan Larabci yana warware su yana fitar da siffofi daga cikinsu. A 2013 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya yi baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa.

Wasu atisayen an shirya su ne musamman don a ƙwace wa hannu iko. A ce ka zana da hannun da ba ka saba da shi ba. A ce ka ɗaure gawayi a bakin sanda mai tsawon mita ɗaya, ka shimfiɗa takarda a ƙasa ka zana a tsaye. Henri Matisse ya yi haka da doguwar gora a ƙarshen rayuwarsa, lokacin da yake shirya zanukan wani ɗakin ibada a garin Vence da aka kammala a 1951. Hikimar ita ce, yatsu sun saba da rubutu, suna da 'yan dabarunsu na ƙawa da suke maimaitawa. In aka nisanta su da takarda, sai kafaɗa da ido su karɓi aikin, layin ya fito da rawa amma ba ƙarya a cikinsa.

Akwai kuma ɗaukar sawun abu kai tsaye. Kowa ya taɓa ɗora takarda a kan kwabo ya goga fensir hoton ya fito. Max Ernst ya mayar da wannan wasa sana'a a 1925, da ya ɗora takarda a kan tsohon daɓen katako na wani masauki a gaɓar tekun Faransa ya goga, ya ga dazuzzuka da tsuntsaye suna fitowa daga jijiyar itacen. Gwada da tabarma, da faifai, da bayan ganye, da bangon da aka yi wa yaɓe, da ƙwaryar da aka yi wa zanen wuta.

Wannan hanya ta wasa da tabo da komawa ga abin gida tana da tarihi a Zariya. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa za su karɓi dabarun da malamansu Turawa ke koyarwa, amma za su haɗa su da abin da suka gada. Okeke, wanda ya taso a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, ya ɗauki siririn layinsa mai lanƙwasa ya gina aikinsa a kai. Onobrakpeya kuwa a 1967 ruwan asid ya cinye masa farantin ƙarfen da yake shiryawa don buga hoto. Ya cike ramukan da wani gam mai daskarewa, ya buga haka nan, sai ya ga wani irin tudu da kwari da bai taɓa samu ba, daga nan ya fitar da salon bugu da aka san shi da shi. Gani Odutokun, wanda ya koyar a Zariya har rasuwarsa a 1995, yakan tsiyaya fenti mai ruwa ya bar shi ya gangara, sannan ya bi abin da ya fito ya sarrafa shi. Abin lura, dukansu sun iya zanen kallo sosai kafin su kai nan. Ɓarin tawada yana faruwa ga kowa. Wanda idonsa ya horu shi ke gane cewa wannan ɓarin ya yi kama da wani abu, ya san inda zai tsaya ya bar shi.

Saboda haka kada wasan ya tsaya a wasa. Bayan ka cika takardu da tabo iri-iri, ɗauke su ka fita waje. Tsaya gaban kuka ka dubi fatarta mai santsi da naɗe-naɗe, ka tambayi kanka cikin tabon nan wanne ne nata. Wataƙila gefen gawayi ne da aka shafa da yatsa. Matsa gaban dabino, jikinsa duk gaɓa-gaɓa, wannan sai alƙalamin kara da karce mai ƙarfi. Tsohon bangon ƙasa da ruwan sama ya zaizaye, soso da jar ƙasa. Rufin kwano mai tsatsa, kyandir da ruwan shayi. Wanda ya sassaƙa raƙuman dawa na Dabous a arewacin Agadez, babban cikinsu ya haura mita biyar, dubban shekaru da suka wuce, da dutse ya yi aiki a kan dutse, amma sai da ya nemo tabon da zai faɗi dabbare-dabbaren fatar dabbar ɗaya bayan ɗaya.

Game da littafin zane, sami ƙarami wanda zai shiga aljihu, mai arha yadda ba za ka ji tsoron ɓata shi ba. Littafi mai tsada yakan ƙare fari fat a cikin akwati. Minti ashirin kullum ya fi awa biyar ranar Asabar. Kada ka yage shafin da bai yi kyau ba, kuma ka sa kwanan wata a kowane shafi, ka rubuta a gefe da me ka yi wannan tabo, don bayan wata uku ba za ka tuna ko asuwaki ne ko gashin kaza ba. Zanen gawayi yana gogewa in shafuka suna gugar juna, sai a sa takarda mai santsi a tsakani, ko a fesa masa maganin kama gashi daga ɗan nesa, ko da yake wannan yakan sa takarda ta yi rawaya da daɗewa. Zoɓo kuwa yana shiga takarda ja wur, ya bushe ya koma shuɗi-shuɗi, in rana ta daɗe tana dukansa ya dusashe. In ka yi wani abu da shi da ka so, ɗauki hotonsa a ranar, ka ajiye ainihin a inda haske ba ya kaiwa.